Kada Ki Sayar Da Sarƙar Gadonki Don A Gurza Miki Kwafi Dubu

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata malamar firamare a Ƙauran Namoda, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Na yi shekara biyu ina rubuta wani labari a wayata, a kan wata mata da rashin tsaro ya raba da ƙauyensu, ta dawo gari da 'ya'yanta huɗu suna zaune a kango. Na kammala shi, babi 42 ne, kuma na riƙa sakin sa a wani zauren WhatsApp har na kai babi na 30, mutane suna ta yabawa. Kwanan baya wata ƙawata ta turo mini wata tashar YouTube da ake karanta labarin nawa, an canja masa suna, ba a ambace ni ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar na daina saki. Ana cikin haka sai wani mutum ya tuntuɓe ni ta Facebook, ya ce yana da kamfanin wallafa, idan na biya kuɗin aiki zai buga kwafi 1,000 ya sayar mu raba riba biyu, amma haƙƙin littafin zai koma hannun kamfaninsa. Ba ni da kuɗin, sai dai in sayar da sarƙar gwal da na gada daga mahaifiyata. Maigidana bai hana ni rubutu ba, sharaɗinsa ɗaya ne, kada hotona ya shiga intanet. Shin in biya? Kuma ta yaya zan tallata littafi alhali ba a ganin fuskata?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki sayar da sarƙar nan, kuma kada ki tura wa mutumin nan ko sisin kwabo, haka nan kada ki tura masa babi 12 ɗin da suka rage a hannunki da sunan zai duba. Waɗannan babobin su ne jarinki a yanzu, kuma zan dawo kansu.

Mutumin ya haɗa miki abubuwa biyu da ba sa haɗuwa a ciniki ɗaya. A harkar littafi akwai mai wallafa, akwai kuma mai maɗaba'a, kuma ko da yake a bakinmu duka "buga littafi" muke cewa, aikinsu ya sha bamban. Kamfanin wallafa na gaskiya shi ne wanda zai karɓi rubutunki ya karanta, idan ya ga zai karɓu ya zuba kuɗinsa, ya biya mai tacewa da mai zanen bango da maɗaba'a, ya kai littafin kasuwa, sannan ya riƙa ba ki wani kaso na abin da aka sayar, galibi kashi 10 cikin 100 ko kusa da haka. Kason ƙarami ne, amma dalilinsa a fili yake, domin idan asara ta zo a kansa za ta faɗa. Shi kuwa mai maɗaba'a kamar tela yake: ki kai masa yadinki, ki biya ladan ɗinki, ki karɓi kayanki, ba shi da ko zare ɗaya a cikin rigar. Wannan da ya tuntuɓe ki so yake ki biya shi kamar tela, sannan ya riƙe rigar, ya kai ta kasuwa, ya dawo ya ba ki rabin abin da ya ce ya samu. Ki kuma lura da kalmar da ya zaɓa, "riba" ya ce, bai ce kuɗin ciniki ba. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya, kuma shi kaɗai zai san nawa ɗawainiyar ta ci, shi kaɗai zai san ko kwafi 1,000 aka gurza ko 300 ko 3,000. Kina Ƙauran Namoda, ba ki taɓa ganin shagonsa ba, wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ya kamata ki san matsayinki a doka, domin ya fi ƙarfi a kan yadda kike zato. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, labarinki ya zama mallakarki tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko a takarda ko a waya, ba sai kin yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan tsawon rayuwarki da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarki. Ke nan gado ne da 'ya'yanki da jikokinki za su ci, kamar yadda kika gaji sarƙar mahaifiyarki. Dokar ta kuma ce miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka duk wata takarda da aka turo miki ki sa hannu, ki nemi wanda ya san doka ya karanta miki ita tukuna. Marubuci mai hankali ba ya sayar da haƙƙinsa ɗungurungum. Izini yake bayarwa, na bugu a takarda kawai misali, na shekara uku ko biyar, ya riƙe haƙƙin karantawa a murya da na fassara da na mayar da labarin fim.

Na san abin da ke jan ki zuwa ga tayin nasa, wato ganin cewa wanda kamfani ya buga wa littafi shi ne cikakken marubuci. Wannan tunani yana da tushe. Ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko sun fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, kuma shekaru da dama bayan nan hukumomi da kamfanonin Zariya, irin su Gaskiya da kamfanin wallafa na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a 1966, su ne ƙofar da marubuci zai bi. Amma ƙofar ta ƙuntata tun da daɗewa, kamfanonin da suka rage hankalinsu ya fi karkata ga littattafan makaranta, waɗanda suke da tabbacin masu saye. Abin da ya raya ƙagaggen labari a Hausa daga tsakiyar shekarun 1980 shi ne matasa, mata da maza, musamman a Kano, da suka daina jiran kamfani suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu. Don haka wallafa da kai ba abin kunya ba ne a adabinmu, ita ce hanyar da mafi yawan marubutan da kika tashi kina karantawa suka bi. Abin tambaya kawai shi ne yadda za ki bi ta ba tare da kin karye ba.

Ni na bi ta a gurguje, kuma na ɗanɗana kuɗata. Lokacin da na kammala littafina na farko, adashen wata goma na kwasa na miƙa wa wani mai maɗaba'a a wani gari, na ce a gurza mini kwafi dubu, domin an gaya mini da haka kowane kwafi zai fi sauƙi. Ranar da katan-katan ɗin suka iso tasha a Gusau, a nan bakin mota na yanke igiyar na farko, hannuna yana rawa don murna. Na buɗe shafin farko, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ya kamata ya fito, wani ɗan akwati ne fanko a wurin. Kwamfutar da aka fitar da aikin da ita ba ta da irin haruffan da aka tsara littafin da su, ni kuma ban san ana neman kwafin gwaji a duba kafin a ɗora a inji ba. Abin da na iya sayarwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, yawanci ga 'yan'uwa da abokan aiki da suka saya don kara. Sauran na jera su ƙarƙashin gado, damina biyu ta wuce a kansu, ranar da na janyo katan na can ƙurya na tarar gara ta gina gida a ciki, shafukan sun koma ƙasa. Har yau idan na tuna nakan ji ciwon abin, kuma ba na so ki ga irin wannan rana da kuɗin gwal ɗin mahaifiyarki.

Abin da littafinki yake buƙata a yanzu gyara ne, kuma a nan nake so ki fi zuba ƙarfinki. Labarin da aka rubuta a waya ana sakin sa babi-babi yana da wasu cututtuka da mai shi ba ya gani. Akwai maimaici, saboda a kowane babi sai an tuna wa masu karatu abin da ya wuce. Akwai jan zance don a cika shafin ranar. Akwai mantuwa, yaron da yake goye a babi na 4 sai a gan shi yana tallar ƙuli-ƙuli a babi na 9 alhali wata uku kacal ya wuce a labarin. Yabon zaure ba ya kama waɗannan, domin masu karatun zaure ci gaba suke jira, kuma yawancinsu suna jin nauyinki. Ki kai fayil ɗin shagon kwamfuta a fitar miki da shi a takarda gaba ɗaya, ki ajiye shi mako biyu ba ki taɓa ba, sannan ki ɗauko jan biron da kike duba aikin ɗalibanki da shi, ki karanta da babbar murya. Duk inda harshenki ya sarƙe, jimlar tana da matsala. Duk shafin da za a cire labarin bai girgiza ba, ki cire shi, ko da kuwa kin sha wahalar rubuta shi.

Sai ƙa'idojin rubutu, waɗanda rubutun waya ya yi wa illa ƙwarai. "Ya ce" ake rubutawa a rabe, ba "yace" ba. "Shi ne" a rabe. "Tana" da "suna" kuma a haɗe. "A kan" tebur daban, "akan" yi ruwa a watan Agusta daban. Ki dubi waɗannan uku: "ya ba ta", da "ya ɓata", da "ya bata" da ake gani a waya yana tsaya wa dukansu biyun, sai mai karatu ya yi ta lalube. Rashin ƙugiya a kan harafi yakan mayar da baƙi baki, ya mayar da ƙafa kafa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ki saita shi a wayarki, haruffa masu ƙugiya suna ciki. Inda kika yi shakkar kalma, ƙamusun Hausa zuwa Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 zai raba miki gardama. Bayan kin yi iya yinki, ki nemi mai tacewa, ki biya shi. Akwai malaman Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru, da ɗalibansu na manyan azuzuwa, kuma kuɗin da za ki kashe a nan shi ne mafi albarka a duk harkar.

Amma ga wani gargaɗi da za ki yi wa mai tacewar tun kafin ya fara. Bayanin labari ya tafi da daidaitacciyar Hausa, wannan daidai ne, domin a karanta ki a Kano da Bauci da Maraɗi. Maganar bakin mutanen cikin labarin kuwa kada a taɓa ta. Idan tsohuwar da ta baro ƙauyenta ta ce "mi kac ce?" ko "yat tahi da ɗiyata", a bar mata harshenta. Ranar da aka gyara mata shi zuwa "me ka ce?" an sake raba ta da garinsu karo na biyu. Littattafan Hausa da aka rubuta da Kananci sun cika kasuwa, waɗanda ake jin Zamfarci a cikinsu kuwa kaɗan ne, kuma wannan yana daga cikin abin da zai bambanta naki. Ina kuma ba ki shawara ki nemi wata baiwar Allah da ta taɓa rayuwar gudun hijira da kanta, ki karanta mata wasu babobi, ki saurari inda za ta ce miki ba haka abin yake ba. Kuma tun da labarin ya taɓa rashin tsaro, kada sunan wani ƙauye na zahiri ko wani mutum da ake iya ganewa ya fito a ciki, don kare kanki da kuma mutanen wurin.

Yanzu mu koma kan wanda ya sace miki labari. Dalilin da ya sa masu irin waɗannan tashoshi suke wawar dogayen labarai shi ne, babbar ƙa'idar YouTube kafin ta fara raba kuɗin talla da mai tasha ita ce ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara, kuma babu abin da ke tara sa'o'i kamar labarin da mata za su kunna suna aikin gida. Guminki ne yake cika masa ma'auni. Kafin ki yi masa magana, ki tara shaida: ki ɗauki hoton allon saƙonninki na zaure inda ranaku suka fito, ki ɗauki na tashar tasa, ki kuma tura wa kanki cikakken fayil ɗin ta imel domin ya samu kwanan wata. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin da marubuci zai sanar da ita aikinsa ta intanet ya karɓi takardar shaida, ba dole ba ne, amma yana ƙara nauyin hujja. Daga nan ki rubuta masa cikin ladabi ki ba shi zaɓi, ko dai ya mayar da sunan littafin na asali da sunanki a kan kowane kashi, ku kuma yi yarjejeniyar abin da zai biya, ko ya sauke. Idan ya yi kunnen uwar shegu, YouTube tana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka wanda mai aiki zai cika da kansa kyauta, kuma tashar da gargaɗi uku ya hau kanta tana iya rasa kanta baki ɗaya, shi ya sa yawancinsu sukan sauko da zarar sun ga da gaske ake. Fom ɗin yana neman cikakken suna da adireshi, kuma ana nuna wa wanda aka yi ƙara wasu daga cikin bayanan, don haka ku yi shawara da maigidanki a kan wanda zai cika shi a madadinki.

Ga kuma abin da ɓacin rai ya hana ki gani. Shi ɓarawon, babi 30 kawai gare shi, ƙarshen labarin yana hannunki. Duk wanda ya saurara a tasharsa ya ji daɗi, yanzu haka yana jiran abin da ke kaɗai kike da shi. Shi ya sa na fi son ki fara neman a sa sunanki kafin ki nemi a sauke, domin masu sauraren nan su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Game da tallata littafi ba tare da hoto ba, ki kwantar da hankalinki, sharaɗin maigidanki ba zai rage ki da komai ba. Marubuta mata da yawa sun yi suna a kafofin sada zumunta da sunan alƙalami kawai, masu karatunsu ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Fuskar littafi ita ce bangonsa, don haka ki biya mai zane na ƙwarai ya yi miki bango mai tsabta wanda sunan littafin zai karantu ko a ƙaramin allon waya, kuma kada a ɗauko hoton wata 'yar fim ko wata baiwar Allah daga intanet a manna, wannan ma cin haƙƙi ne. Ki zaɓi suna ɗaya ki tsaya a kansa a ko'ina. Ki buɗe shafi na marubuciya a Facebook daban da naki na zumunci, ki kuma buɗe tashar WhatsApp, irin wadda aka fito da ita a 2023, wadda mabiya ba sa ganin lambar mai ita, saɓanin zaure inda lambarki take a fili kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024. Ki sa layi daban don harkar littafi. Wurare biyu da za ki iya kula da su sun fi biyar da za ki bari ciyawa ta cinye.

Abin da za ki riƙa sakawa ba "ku sayi littafina" ba ne kullum, mutane sukan gaji da mai talla. Ki ciro sakin layi ɗaya mai ƙarfi, misali daren farko da matar nan ta shimfiɗa buhu ta kwantar da 'ya'yanta a ɗakin da ba shi da ƙyaure, ki saka shi da sunan littafin a ƙasa. Wata rana ki yi bayanin wata kalmar Zamfarci da ta fito a labarin. Wata rana ki yi magana a kan littafin wata marubuciya da ya burge ki, domin wanda ba ya yaba na wani ba a cika yaba nasa ba. Ki tsayar da ranaku biyu ko uku a mako, ki riƙe su kamar jadawalin aji, kuma ki amsa wa waɗanda suka yi miki magana. Kada ki sayi mabiya, adadi ne kawai ba masu karatu ba. Za a kuma zo miki da shawarar ki ƙara batsa wai ita ke sayar da littafi a zauruka. Ke malama ce, ɗalibanki za su girma su karanta ki, kuma labarin da kika ɗauko bai buƙaci wannan ba.

Sai dai duk waɗannan kafofi gonar aro ce, kuma mu mutanen Zamfara mun fi kowa sanin haka. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, wasu yankunan suka yi kusan wata uku ba kira ba intanet, duk wanda sana'arsa take cikin waya ya zauna hannu rabbana. A wannan shekarar aka dakatar da Twitter a ƙasar baki ɗaya, daga Yuni har zuwa Janairun 2022. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023 bayan shekara goma tana aiki. Ban faɗi wannan don ki guje su ba, ki yi amfani da su, har da Wattpad da sauran manhajojin karatu idan kin ga dama, bayan kin karanta sharuɗɗansu. Amma ki sayi littafin rubutu mai kauri, duk wanda ya sayi aikinki ki nemi izininsa ki rubuta sunansa da lambarsa da garinsu. Mutum ɗari biyu da suka taɓa cire kuɗi suka biya ki sun fi mabiya dubu ashirin da ba su san sunan littafinki ba, kuma su ne za ki fara sanar wa ranar da na biyu ya fito. Shi ma rubutun kada ya zauna a waya kaɗai, ki ajiye shi a imel, da filashi, da kuma takarda.

Ga yadda nake ganin kuɗin bugun zai fito ba tare da an taɓa sarƙa ba. Bayan an gama gyara, ki koma zaurenki ki gaya musu gaskiyar abin da ya sa kika yi shiru, ki sanar da su cewa cikakken littafin da aka tace zai fita, na karantawa a waya, a kan farashi kaza. Wasu za su yi ƙorafi tun da kyauta aka fara, ki ba su haƙuri, ki kuma sa farashi mai sauƙi, domin idan sayen halal bai fi kuɗin katin waya ba, mutane da yawa ba za su tsaya neman na sata ba. Ki sa sunanki da na littafin a saman kowane shafi. Duk da haka wani zai fitar da shi, wannan ba a iya toshe shi gaba ɗaya, amma aƙalla duk inda ya je da sunanki zai je. Abin da ya taru daga nan shi ne kuɗin bugu na takarda.

Shi ma bugun ba sai dubu ba. Injin da ke aiki da faranti shi ne yake buƙatar adadi mai yawa, saboda kuɗin farantan ɗaya ne ko kwafi ɗari za a gurza ko dubu biyar. Yanzu akwai injinan da suke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, suna iya fitar da kwafi 50 ko 100. Kowane kwafi ya fi tsada, amma jimillar kuɗin ba ta karya mutum, ga shi takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala. Ki buɗe rajistar masu so su biya tun kafin a buga. Idan mutum 60 suka biya, ki buga 80. Wannan kuɗi amana ne, ki ware shi daban, kada ya shiga cefane ko biki, ki faɗi ranar da littafi zai iso ki ƙara wa kanki mako biyu a kan abin da mai maɗaba'a ya ce. Ki nemi farashi a wurare uku, a rubuce, da girman littafin da nauyin takarda da irin bango. Ki miƙa aikin a PDF domin haruffa su zauna yadda aka tsara su, ki biya rabi, kada ki cika sai kin riƙe kwafin gwaji a hannunki kin bi shi shafi-shafi.

Lambar ISBN kuma, wato lambar da ake tantance littafi da ita a duniya, Hukumar Laburare ta Ƙasa ce take bayar da ita a Nijeriya. Lambobi 13 ne, na ƙasarmu sukan fara da 978-978, kuma ki nema da kanki, domin wanda aka ba lambar da sunansa shi ne mai wallafa a rajista. Doka ta kuma wajabta wa mai wallafa mai zaman kansa ya kai wa hukumar kwafi uku na abin da ya buga, ki sa su a lissafi. Bikin ƙaddamarwa na babban zaure ki jingine shi tukuna, alƙawuran da ake yi a lasifika ba duka ake cikawa ba, kuɗin haya da abinci kuwa lakadan ne. Taron karatu a makarantarku, da kwafi ɗaya da za ki aika wa mai shirin adabi a gidan rediyon jiha, sun fi shi amfani.

Kada kuma ki zauna ke kaɗai. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma a irin zamansu ne za ki ji wace maɗaba'a ce take cika alƙawari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata zalla, gajeren labari take nema, ki rubuta sabo domin ta, ki bi ƙa'idojin da za a sanar a shekarar, kuma kada ki sake shi a zaure kafin nan, domin yawancin gasa ba sa karɓar abin da ya riga ya fita.

Shi kuwa mutumin Facebook, ba sai kin yi faɗa da shi ba. Ki rubuta masa cewa kin gode, ki nemi ya turo miki lambar rajistar kamfaninsa, da adireshin ofishinsa, da sunayen littattafai uku da ya wallafa tare da shagunan da ake sayar da su, da kuma daftarin yarjejeniya a rubuce wanda bai ƙunshi miƙa haƙƙin mallaka ba. Idan ya turo, ki nuna wa maigidanki da wani masanin doka, sannan ki sake rubuto mini mu duba tare. Ki kuma haɗo da babi uku na farko bayan kin bi su da jan biro, ina so in karanta labarin matar nan.